An ba ni manajan gidan burodi, amma ma'aikata sun ƙi sakin jiki da ni

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe mutane a wurin aiki. Kwanan nan aka ba ni manajan wani gidan burodi a nan cikin Jos. Ma'aikatan sun kai 20 in aka haɗa da masu aikin dare da direbobi. Duk na tarar da su, akwai ma dattijon da tun ina sakandare yake bakin tanda. In na shiga ɗakin kwaɓi ana hira, sai kowa ya yi gum. In na tambaya ko akwai matsala, sai a ce "ba komai oga". Amma lissafi ba ya fita. Fulawar da aka fitar daga sito da burodin da aka ƙirga da safe ba sa daidaituwa, kuma ba mai ce maka ga inda aka samu giɓi. Maigidan ya ce in sa kyamara ko'ina, in kuma samu yaro ɗaya a cikinsu da zai riƙa kawo mini rahoto a ɓoye. Zuciyata ba ta kwanta da wannan na biyun ba. So nake su yarda da ni, ni ma in yarda da su. Ta ina ake farawa?

Dan_Katako:
Wa alaikumus salam. Malam, bi maganar mai dukiya, sa kyamara. Amanar kaya aka ba ka, ba neman farin jini aka turo ka ba. Wanda ba ya ɗaukar abin wani me zai dame shi da kyamara?

Maman_Ilham:
Kafin a yi nisa ina da tambaya biyu. Ran nawa ga wata ake biyansu? Kuma in an zo biya, cif ake ba su ko ana yanke wani abu?

Baban_Khalifa:
@Maman_Ilham a ƙa'ida ƙarshen wata ne, amma yakan kai 8 ko 10 ga sabon wata, ya danganta da yadda 'yan sari suka kawo kuɗi. Batun yanka kuma sai na duba littafin wanda na gada.

Maman_Ilham:
To ka ga bakin zaren. Mutum ya karɓi masara bashi a shagon unguwa, ya ce wa mai shago ƙarshen wata, ga kuɗin makarantar yara. Kai kuma ba ka iya gaya masa ranar da haƙƙinsa zai shigo hannunsa. Kullum shi ne yake zama maƙaryaci a unguwa saboda ku. Da wane baki zai zauna yana ba ka labarin abin da ke faruwa a ɗakin kwaɓi? Ko ran 5 ga wata ne, ku tsayar da rana ɗaya, kada ta motsa.

Tsohon_Mai_Tanda:
Ɗana, ni na yi wannan aikin tun ana hura tanda da itace zalla, daga Gangare har Bukuru ba inda ban yi ba. Bari in gaya maka abin da yaran nan ba za su faɗa maka ba.

Ba duk giɓin fulawa ne sata ba. Na farko, ka taɓa ɗora buhun a sikeli kafin a farke shi? An rubuta kilo 50 a jiki, amma in ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso sitonku, ka auna ka gani da idonka. Na biyu, sikelin yankan kwaɓi. In ya fara tsufa, ko mai yanka ya gaji da misalin ƙarfe uku na dare, kowane curi sai ya ɗan ɗara. Ɗan abin da ya ɗaru a curi ɗaya ba komai ba ne, amma ka tara shi a gwangwani ɗaruruwa ka ga burodi nawa ya tafi. Na uku, sanyin garin nan. A Disamba da Janairu kwaɓi ba ya tashi da wuri. Direba yana tsaye yana danna hon don masu shayi suna jira tun asuba, sai yara su tura gwangwani cikin tanda bai gama kumbura ba, ya fito a daskare, ba mai saye. Na huɗu ƙuna. Kowace tanda tana da lungun da ya fi zafi, sabon hannu bai san shi ba.

Yanzu ka tambayi kanka, wannan burodin da ya ƙone ko ya daskare, ina yake zuwa? In yaro ya san da ya nuna maka za a cire a albashinsa, wallahi ba zai nuna ba. Zai cusa shi a buhu ya fitar ta baya, ko a raba a cinye kafin gari ya waye. Da safe kai kuma ka ga lissafi bai cika ba ka ce sata. Shi ya sa suke shiru. Kowa yana rufa wa ɗan uwansa asiri ne, don gobe shi ma zai iya ƙonawa.

Sista_Rahila:
Baba ya gama magana. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya faɗa shi ne babban ciwon aikinmu. Akwai wata mai bincike, Amy Edmondson, wadda yanzu farfesa ce a jami'ar Harvard ta Amurka. A shekarun 1990 ta yi nazari a asibitoci, tana tsammanin rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanninsu su ne za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai ta ga a rubuce su ne ma suka fi yawan kuskure. Da ta bi diddigi, ashe faɗa suke yi in sun yi, sauran kuwa ɓoyewa suke don tsoro. Na ga wannan da idona. Na yi aiki da shugabar da in ka ce mata "Anti, na makara da allurar ƙarfe biyu", tambayarta ta farko ita ce yaya mara lafiyar yake, sai daga baya ku zauna ku biyu. Na kuma yi da wadda za ta tsayar da kai gaban 'yan dubiya ta wanke ka tas. A ɗakin ta biyun takarda kullum tsaf take, amma mu da muke ciki mun san abin da ake binnewa.

Dan_Katako:
Duk na ji, amma ku daina mai da kowa waliyyi. Ni a kasuwar katako na riƙe yaro kamar ɗan cikina, tare muke cin abinci a kwano ɗaya, aurensa ma ni na tsaya. Shi ne ya riƙa haɗa baki da masu kura ana fitar da falanki bayan na tafi masallaci. Albashinsa bai taɓa makara ba. To wannan me na rage shi da shi?

Tsohon_Mai_Tanda:
@Dan_Katako Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Ban ce babu ɓarawo ba. Cewa na yi in kana hukunta mai ƙona burodi kamar yadda kake hukunta ɓarawo, ɓarawon ya samu rumfa. Kowa zai yi shiru, shi kuma ya ɓuya a cikin shirun. Ranar da mai kuskure ya daina tsoron magana, ɓarawo zai fito fili shi kaɗai.

Na_Sakatariya:
Ni daga Abuja nake bibiyarku, amma ɗan Anguwan Rogo ne. Batun kyamara ban da ja sosai. Batun ɗan rahoto ne nake roƙonka da girman Allah kada ka soma. Na zauna a ofishin da shugaba ya ajiye irin wannan mutum. Cikin wata guda kowa ya gane shi, don ba a ɓoye irin wannan. Daga nan aka daina magana a gabansa, aka kuma daina yarda da juna, tun da ba a san ko akwai na biyu ba. Shi kuma ɗan rahoton, da ya ga ba shi da abin kai wa oga, sai ya fara ƙirƙira don kada a ce ba ya aiki. Duk wanda suka taɓa samun saɓani da shi ya shiga uku. Har aka yi wa wani bawan Allah canjin wurin aiki a kan maganar da bai faɗa ba. Kai da kanka za ka koma ba ka jin komai sai abin da mutum ɗaya ya ga dama ya gaya maka.

Ummu_Sadiq:
Gaskiya ne wannan. A makarantar kuɗin da nake koyarwa haka ake yi, ɗakin malamai ya zama kamar gidan makoki.

Lauyan_Unguwa:
Bari in sa baki ta fuskar doka, tun da an taɓo yankan albashi. Dokar Ƙwadago ta ƙasa a sashe na 5 ta hana mai aiki cin ma'aikaci tara ta hanyar yanke masa lada. In asara ce ta faru saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Sashe na 7 kuma ya ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta fayyace aikinsa, ladansa, lokutan aiki da yadda za a rabu. Na san mafi yawan ƙananan masana'antunmu ba sa yi. Amma @Baban_Khalifa ka gwada ba kowa takarda ko shafi ɗaya ce, da Hausa in ya fi sauƙi. Mutumin da ya san matsayinsa a rubuce ba ya kwana da fargabar gobe za a ce masa kada ya dawo. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Jos, kada a ɗauka ba inda talaka zai kai kuka.

Matashin_Dilimi:
@Lauyan_Unguwa to mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 fa? Ya shafi gidan burodi?

Lauyan_Unguwa:
Dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka in su 20 ne ba ta tilasta musu ba. Amma ta fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama, ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin 100, mai aiki ya sa kashi 10. Abin da ya fi kashe yarda shi ne a cire kason ma'aikaci a ƙi tura shi asusunsa. Wannan in mutum ya gano, an gama.

Matashin_Dilimi:
Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne kalmar "ai mu nan duk 'yan uwa ne". Ina gyaran waya a shagon wani. In aiki ya yi yawa, mu kai ƙarfe goma na dare, 'yan uwa ne mu. Ranar da na ce mahaifiyata tana asibiti ina neman adibas, sai aka ce kasuwa ba ta san wannan ba. Tun daga ranar nake yin iya abin da aka sa ni, ko na ga abu zai lalace ba na magana. Ba haka nake so in zama ba, amma haka aka mayar da ni.

Malam_na_Rikkos:
Allah ya ba mahaifiyarka lafiya. Amma ɗana, kada zaluncin wani ya sa ka bar abu ya lalace kana gani, wannan tsakaninka da Allah ne.

Ga mai tambaya kuma, addini bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ya kuma ce kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Sannan ka dubi Sayyidina Umar a shekarar yunwa: ya daina cin man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har jikinsa ya nuna, don kada ya ci abin da talakawa ba sa samu. Ma'aikata suna kallon wannan fiye da yadda kake zato. In an ce kasuwa ta yi ƙasa a yi haƙuri da albashi, suna dubawa su ga ko kai ma naka ya tsaya, ko kuwa kai ka karɓa tun ran 28.

Ladi_Bukuru:
Ina gaishe ku duka. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a Jos muke, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Wurin aiki da yawa a garin nan Musulmi da Kirista ne a haɗe. Abin da aka gani a rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 bai fita daga zukatan mutane ba. Ma'aikaci yana lura da wa ake ba hutun Juma'a, wa ake hana zuwa coci ran Lahadi, wa ake ƙara wa kuɗi da Sallah a manta da shi a Kirsimeti. Ko ba da niyya ka yi ba, za a fassara.

Ni a Agustan 2021, da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa, ina aiki a wani kamfanin ruwan leda. Abin ya rutsa da mu a wurin aiki, mu mata da 'yan samari da gidajenmu ke nesa. Oganmu Musulmi ne, gidansa kusa, da ya so da ya tafi abinsa. Bai tafi ba. Ya rufe get, ya sa aka kawo tabarmi da bargo daga gidansa, matarsa ta aiko da tuwo da miyar kuka a babbar kula. Ya karɓi lambar mamata ya kira ta da kansa ya ce "Mama, 'yarki tana hannuna, ki kwantar da hankalinki." Shi ya kwana a kan benci bakin ƙofa. Da aka sassauta, da motarsa ya kai kowa har inda ya san ya tsira. Bayan wannan, ko cewa ya yi mu zo aiki ƙarfe huɗu na asuba ba mai gunaguni. Kuma in wani ya so yin ba daidai ba a kamfanin, mu da kanmu muke hana shi.

Maman_Ilham:
Allah sarki. Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri.

Dan_Katako:
Amin. Wannan kam namiji ne. Amma ku lura, ba kullum ake samun irin wannan ranar da mutum zai nuna halinsa ba. Shi mai tambaya gobe da safe zai shiga aiki, fulawa kuma tana ci gaba da ɓacewa.

Direban_Farin_Gada:
Ku bar batun fulawa ma, ku zo kan mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 rigimar direba da manaja ba ta ƙare ba. Ana ba ka kuɗin mai na zagaye kamar yadda ake bayarwa da, ka dawo ka ce bai isa ba, a yi maka kallon ɓarawo. Manaja bai taɓa shiga motar ya ga yadda ake hawa Tudun Wada da kaya ko cunkoson Terminus da safe ba.

Abban_Nana:
Wallahi kuwa. Ga dizal na janareta, ga sukari, ga bota. Masu gidajen burodi da yawa sun rage girman burodi don kada su ƙara kuɗi. Mai shayin layinmu har rantsuwa yake cewa na da ya fi cika hannu.

Ummu_Sadiq:
Jama'a an fara barin hanya, bawan Allah shawara ya nema.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, ina karanta komai. Na duba littafin kamar yadda na gaya wa @Maman_Ilham. Ashe duk watan da lissafi bai cika ba, wanda na gada yakan raba asarar a kan kowa da kowa, har mai shara da masu sa burodi a leda, waɗanda ko sito ba sa shiga. Akwai watan da aka cire wa ƙaramin ma'aikaci kusan rubu'in albashinsa. Na kuma ji daga bakin direba cewa dattijon da na ambata shi kowa ya ɗauka za a ba wannan kujerar, sai ga ni an kawo daga waje. Baba @Tsohon_Mai_Tanda na ɗora buhu biyar a sikeli yau, biyu ba su cika ba.

Tsohon_Mai_Tanda:
To ka gani. Yanzu batun dattijon nan, ka bi a hankali. Kada ka kira shi ofis, kai ka je inda yake. Ka same shi bayan ya fitar da zubin ƙarshe ya zauna shan shayi, ka gaishe shi da Baba, ka ce aikin nan ya fi ka saninsa, kana so ya nuna maka. Kuma da gaske ka koya, ba don ka saye shi ba, zai gane bambancin. Ka kwana dare ɗaya tare da su tun daga awon fulawa har fitar burodi. In za ka canza wani abu a ɗakin kwaɓi, ya ji daga bakinka kafin yara su ji. In ya yi ba daidai ba, ku biyu, ƙofa a rufe. Ranar da ka ɗaga masa murya gaban yaran da ya koya wa aiki, ka rasa ɗakin gaba ɗaya.

Hajiya_Mai_Ɗinki:
Ni ina da shagon ɗinki da yara mata da maza a ƙarƙashina, kuma ina ganin kowa a nan ya riƙe gefe ɗaya. Alhaji @Dan_Katako yana da gaskiya cewa ana cin amana, ni ma an ci tawa, an taɓa sayar da shaddar mutane ana saura kwana kaɗan Sallah, ni na biya. Amma abin da na koya, yarda ba ta hana lissafi. Lissafin ma shi ne yake kare mai gaskiya. Yanzu duk yadin da ya shigo, wanda ya karɓa zai auna a gaban mai kaya, a rubuta a littafi, su biyu su sa hannu. Littafin a kan tebur yake, kowa na iya buɗawa. Kuɗin ɗinkin ma a rubuce, kowa ya san kasonsa a kowace riga, ba sai ya zo yana tambayata ba.

Kai ma ka yi haka. Fulawa in za ta fita daga sito, mutum biyu, a auna, a rubuta. A ajiye kwando na burodin da ya lalace, a ƙirga shi da safe, ka sanar a gaban kowa cewa ba za a cire wa kowa ko kwabo ba a kan abin da aka sa a kwandon. Amma fa sai ka samu amincewar maigidan kafin ka furta. In ka yi alkawari ya zo ya warware, gara ma ba ka yi ba.

Na_Sakatariya:
Hajiya ta taɓo inda ya fi wuya. Manaja a tsakiya yake. Na sama yana so ka matse, na ƙasa yana so ka kare shi. Abin da na gani shi ne ma'aikata suna gane shugaban da yake kai kukansu sama ko da ba a biya musu buƙata ba. Ka dawo ka ce musu "na kai maganar, an ce a'a, ga dalili". Wannan ya fi "ana dubawa" da ba ta ƙarewa. Kuma in maigidan ya zo yana faɗa a kan asara, kada ka nuna yaro da yatsa don ka tsira. Babba juji ne, kai za ka shanye, daga baya ka koma ciki ku gyara.

Abban_Nana:
Ni dai ina tsoron a sake wa dattijon nan da yawa. Sau da yawa wanda ya fi daɗewa shi ne uban tafiyar in akwai ɓarna. Ba zargi nake ba, amma a sa ido.

Sista_Rahila:
@Abban_Nana shi ya sa tsarin Hajiya ya yi. Awo da rubutu a kan kowa ne, har manajan kansa in ya ɗauki burodi zai kai gida ya rubuta ya biya. In doka ta hau kowa ba wanda zai ce shi ake nufi.

Matashin_Dilimi:
Kuɗin da aka yanke musu a baya fa? Ni a ganina in ana so su yarda an canza, a mayar musu ko rabi ne. Magana kowa ya iya.

Dan_Katako:
Kai yaro, wane mai dukiya ne zai yarda da wannan? Ku riƙa faɗin abin da zai yiwu.

Malam_na_Rikkos:
Alhaji, in an cire wa mai shara kuɗi a kan fulawar da bai taɓa gani ba, haƙƙi ne, kuma yana nan a wuyan wanda ya ci har sai an mayar ko an yafe. Wuyarsa ba ta sauke shi. Manaja ya faɗa wa maigidan cikin ladabi, in ya ƙi shi dai ya fita.

Baban_Khalifa:
Na zauna da maigidan jiya bayan la'asar. Na nuna masa awon buhunan, ya yi mamaki, ya ce zai yi magana da dilan da ke kawo mana. Ya janye batun ɗan rahoto. Kwandon burodin da ya lalace ya ce a gwada na wata ɗaya ya gani. Kyamara kuwa ya dage, amma mun tsaya a ƙofar sito da get, ban da ɗakin kwaɓi da inda suke hutawa, kuma ni zan sanar da su kafin a ɗaura. Ranar albashi ce bai ba ni amsa ba, ya ce kuɗin yana hannun 'yan sari. Maganar mayar da abin da aka yanke ban kai ga tayar da ita ba tukuna.

Maman_Ilham:
An samu ci gaba, amma ni har yanzu ina kan bakata. In ranar albashi ba ta tsaya ba, sauran duk za su ɗauke shi dabara ce. Bashin 'yan sari matsalar kamfani ce, bai kamata ta faɗa kan mai kwaɓi ba. Ku riƙa ware wani abu daga cinikin kowace rana a asusu daban tun daga 1 ga wata.

Dan_Katako:
Kyamarar sito ta yi. Ni da ɗakin kwaɓin ma an sa. Za ku ce na faɗa.

Ladi_Bukuru:
In za ka sanar da su, kada ka tara su a tsaye kamar za a yi hukunci. Ka bari a zauna, kuma masu aikin dare su ji daga bakinka, ba daga bakin na rana ba.

Direban_Farin_Gada:
@Baban_Khalifa tun da za ku zauna, don Allah ka sa batun burodin da ya kwana a hannun masu shago. In an dawo da shi, a wuyan wa yake, direba ko kamfani? A wurinmu direba ake ɗora wa, shi ya sa wasu suke ƙin kai kaya shagunan da ciniki bai da ƙarfi, su kuma masu shagon su koma wani gidan burodin. Hajiya @Hajiya_Mai_Ɗinki in ke ce yaya za ki rubuta wannan a littafin?